Murhun Wattie a Gidan Bevan

Duk wanda ya san Bevan Muirhead a garin Tuatapere, da itace ya san shi. Tun gemu bai fito masa ba ya shiga mayankar katako yana share gari daga ƙarƙashin zarto, ya fito daga cikinta da furfura, da kunne ɗaya da ba ya ji, da ɗan yatsa guda da ya rage rabi. Ko da aka rufe mayankar bai rabu da itace ba. Rumfar bayan gidansa ita ce abin taƙamarsa: na bana a hagu, na baɗi a dama, manya-manyan ɓari an jera su tsaf, ɓawo yana kallon sama, an bar kafofi iska tana ratsawa. Masu wucewa kan rage gudun mota su kalla. Shi kuma sai ya yi kamar bai gani ba, alhali babu motar da ke wuce masa.

Ƙa'idojinsa a kan wuta biyu ne, kuma ya maimaita su har matarsa Noeline, kafin ta rasu, takan ƙarasa masa tun bai kai ƙarshe ba. Itace iska yake so, abin da duk aka ƙunshe ruɓewa zai yi. Wuta kuma ba a kwashe mata toka duka, a bar mata shimfiɗar da za ta kwanta a kai. Kullum da safe yakan fita da gatari ya farfasa na ranar daidai bakin murhu, ya shigo da su a rungume, sannan ya ɗora shayi. Haka ya yi da Noeline tana nan, haka ya ci gaba da ba ta nan.

Hunturun bara ne ya karya shi. Ya ɗaga gatari a kan wani gungume mai ƙulli, wani abu ya ce ɗas a kafaɗarsa ta dama, hannun ya sauko shi kaɗai. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ƙone 'yan ƙirare da zai iya tsinta da hagu, da suka ƙare sai ya ƙara riga a kan riga. 'Yarsa tilo, Delwyn, wadda ke aiki a ofishin wata makaranta a birnin Dunedin, ta yi ta buga waya ba a ɗauka, ta tuƙo mota ta taho. Ta same shi kwance a kicin da kwat a jikinsa, zazzaɓi yana kaɗa shi, huhu ya kama, murhu ya yi sanyi kamar dutsen kogi. A bayan gida kuwa rumfa maƙil da itace.

Da aka sallame shi daga asibiti a gidanta ya yi jinya, a ɗakin da ɗumi ke fitowa daga wani farin akwati a bango in an danna maɓalli. Sai da zafi ya shigo ta yarda ta mayar da shi gida, ranar kuwa suka yi ta a kicin.

"Baba, zan sa a kafa maka irin nawa. Maɓalli ɗaya, shi ke nan."

"Wancan akwatin mai huci kamar tsohuwar saniya? Busar mini da maƙoshi yake yi."

"A gidana ban ji ka ce ya busar da kai ba."

"A gidanki ni baƙo ne. Baƙo ba ya ƙorafi."

"To, juyo mini kunnen mai jin, ka saurara. Likita ya ce ba kai ba gatari. Ni kuma na ce ba kai ba gida mai sanyi. Zan zo farkon Yuni, in hunturu ya kama. In na buɗe ƙofar nan sanyi ya mare ni, babu gardama, kayanka za mu haɗa. Akwai gidan tsofaffi kusa da ni, na riga na je na gani. Har da lambu."

"Maƙabarta ma akwai lambu."

"Baba!"

Maganar maƙoshi ƙarya ce, shi ma ya sani. Abin da ya tsana game da farin akwatin shi ne ba ya buƙatarsa. A Dunedin yakan farka ya tarar da ɗaki ya riga ya yi ɗumi, sai ya kwanta yana kallon rufi yana neman dalilin saukowa daga gado, ya rasa. Wannan kam ba maganar da zai iya faɗa wa 'yarsa ba ce, don in ta ji ta, da hannunta za ta ɗaure masa akwati.

Ana cikin haka aka yi gwanjon kayan gidan Wattie Cleave. Wattie abokin aikinsa ne a mayanka, abokin gasarsa a komai: wa ya fi wasa zarto, wa ya fi kama kifi a kogin Waiau, tumatirin wa ya fara nuna. Shi ne mutum na farko a garin da ya ajiye gatari ya sayi murhu mai cin ƙwayoyin garin katako, Bevan kuwa ya shekara da shekaru yana kiransa mai ƙona kashin tumaki. To, 'ya'yan Wattie sun zo sun kai shi gidan tsofaffi a birnin Invercargill, suka baje kayansa a tsakar gida wata Asabar. Bevan ya je kallo. Ya dawo da murhun a bayan a-kori-kurarsa.

Ya gaya wa maƙwabta araha ce ta ja shi. Ya gaya wa Delwyn a waya cewa wannan wutar gaske ce amma ba ta son gatari, ta ce to, ta ji, ita dai ɗumi ta sani. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, da ya ga murhun nan a tsaye a kan ciyawa da takardar farashi a goshi, wani mugun tunani ya zo masa mai daɗi: da wannan abin Wattie ya faɗi, ni da shi zan tsaya. Kuma tun da aka tafi da Wattie bai je ya duba shi ba ko sau ɗaya. Wai nisa. Mutumin da kan tuƙa har Invercargill don sayen sarƙar zarto.

Wani mutumin garin Riverton ya zo ya kafa murhun, ya zura masa bututu ta cikin tsohuwar hanyar hayaƙi, hukuma ta turo aka duba. Da mutumin ya fara bayanin yadda ake kula da shi, Bevan ya juya masa kunnen da ba ya ji, yana ta gyaɗa kai. Me za a koya masa? Rumbu ne a sama, ka zuba ƙwayoyi. Wani murɗaɗɗen ƙarfe irin na injin niƙa nama yana juyawa a hankali, yana sako su kaɗan-kaɗan cikin wani ɗan kasko mai huji-huji. Wani tsinken ƙarfe ya yi ja ya kunna su, fanka ta hura. Wasan yara.

Da aka sauke masa lodin ƙwayoyin, ya tsaya yana kallon buhunan leda a ɗaure tamau, ransa ya sosu. Itace a cikin leda! Ya ɗauko wuƙa ya farke rabinsu, ya zazzage a kan kwanon rufi a cikin rumfa, ya baje su da manjagara don su sha iska. Sauran ma hannu ne ya gaza, ya ce sai wani jiƙon. Kaskon kuma, da toka ta fara taruwa a cikinsa, ya bar masa abinsa.

Makon farko murhun ya yi aiki har Bevan ya fara jin haushin yadda abin ke da sauƙi. Sai iskar kudu ta taso daga teku da yayyafinta, hazo ya riƙa kwana a kan kogi yana hawowa gari da safe. Harshen wutar ya fara lanƙwasa, ya yi ja, gilashin ƙofa ya yi baƙi ƙirin. Wata safiya ya danna, ƙarfen ciki ya yi gurnani kamar an shaƙe kare, ya yi shiru. Wata 'yar jar fitila ta hau ƙiftawa. Ya buɗe rumbun ya damƙo ƙwayoyin, suka marmashe a tafinsa, sun kumbura sun zama jiƙaƙƙiyar dusa.

Bai kira mutumin Riverton ba. Matar mutumin ajinsu ɗaya da Delwyn tun firamare, kafin motarsa ta iso bakin ƙofa labari ya isa Dunedin. Sai ya ɗauko kwat ya sa, ya jawo kujerar kicin zuwa falo, ya zauna yana kallon jar fitilar. Ya ɗan jima a haka kafin ya lura da kansa: kujerar nan ce, kwat ɗin nan ne, zaman nan ne. Bara ma da haka aka fara. Ya miƙe zumbur har kafaɗar ta amsa. Ya shiga ɗaki ya jawo ɗan hitar lantarki da Noeline kan gasa ƙafa da shi, wanda ya rantse ba zai taɓa kunnawa ba, ya ajiye a gefen gado don dare. Sannan ya ɗauki makullin mota. Mutum ɗaya ne a duniya ya san halin murhun nan, kuma yana zaune ne a daidai irin wurin da Bevan ke gudu.

Zafin gidan tsofaffin ne ya fara tarbarsa a ƙofa, da warin dafaffen kabeji da sabulu. Ya bi wata ma'aikaciya ta dogon baranda yana ƙoƙarin kada ya leƙa ɗakunan da ke buɗe, yana leƙawa. Wattie na zaune bakin taga da bargo a gwiwa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma idon nan na tsokana yana nan.

"A'a! Wa nake gani? Na zata ka mutu ana ɓoye mini."

"In na riga ka wa zai tsaya ya tabbatar an rufe ka da kyau?"

"Zauna, tsohon banza. Me ke cikin takardar nan?"

Naɗin burodi ne da cuku, da sauran ɗuminsa. Wattie ya ci biyu, ya lashe yatsu, sannan ya dube shi sama da ƙasa.

"Ba zumunci ya kawo ka ba. Murhuna ya mutu."

"Murhuna dai."

"Ka saya, amma ni yake ji. Tsaya in faɗa maka. Ka farke buhunan."

Bevan ya kalli taga.

"Ka farke! Na rantse ka farke, ka shanya su a rumfar nan taka ta nuna isa!" Wattie ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Bevan ya miƙa masa ruwa yana ji kamar ya watsa masa. Da ya sami numfashi ya share ido. "Kwantar da hankalinka. Ni ma na farke, shekarar farko. Duk wanda ya fito daga daji sai ya farke. Wannan abin ba itace ba ne, Bevan. An riga an niƙe shi, an gasa, an matse. Ba shi da sauran ruwan da zai ba iska, sai dai ya sha nata. Toka fa? Ka yi masa shimfiɗa, ko?"

"Wuta ai..."

"Wutarka ta da. Wannan ta ƙasa take numfashi, ta hujin kaskon. Ka cusa mata auduga a hanci kana mamakin ta suma."

Ya karanta masa aikin dalla-dalla, yana nunawa da hannuwa a iska kamar murhun na gabansa. A cire wuta daga bango tukuna. A kwashe rumbu tas. A kwance murfin baya, a raba ɗan injin da murɗaɗɗen ƙarfen, a kama ƙarfen da sifana a riƙa juya shi gaba kaɗan baya kaɗan, ba da ƙarfi ba, da naci. Kasko kuma kullum safe a kankare, a bi hujin ɗaya bayan ɗaya da ƙusa.

Bevan ya ji duka. Sannan ya yi tambayar da tun daga Tuatapere take zaune a ƙirjinsa.

"In ka iya shi haka, me ya kawo ka nan?"

Wattie ya gyara bargo. "Murhun bai taɓa ƙi na ba. Wata safiya na tashi na ce, kai, gobe na kankare. Goben ma na ce gobe. Wa zai gani? Sai ya ƙi kamawa, na ce to bari in shiga bargo. Ran da 'yata ta zo, kwano bakwai a wurin wanke-wanke, ni kuma da rigar barci da tsakar rana." Ya ɗaga kafaɗa. "Ba su yi mini ƙarya ba da suka ce ba zan iya ba. Ni na fara faɗa." Can ya ƙara da wata murya daban, "Akwai wasu 'yan abubuwa kuma, amma na gaji. Ka dawo."

Bevan ya dubi idonsa. Babu gajiya a ciki ko kaɗan. A hanyar komawa gida ne ya gane: Wattie ya sami abin da wani ke buƙata a wurinsa, kuma ba zai zazzage shi rana ɗaya ba.

Aikin ya ci shi kwanaki. Dusar da ta jiƙe a cikin maƙogwaron ƙarfen ta bushe ta zama kamar siminti. Ya durƙusa a bayan murhun da matashi a ƙarƙashin gwiwa, sifana a hannun hagu, hannun da bai taɓa koyon komai ba sai riƙe abin da dama zai sara. Gaba kaɗan, baya kaɗan. Sifana ta zame ta ɓare masa fata, ya zagi Wattie, ya zagi wanda ya ƙera murhun, ya naɗe yatsan ya koma. Ran da ƙarfen ya juya zagaye guda cif, ya zauna a ƙasa yana haki yana murmushi shi kaɗai. Ruɓaɓɓun ƙwayoyin rumfa ya ba maƙwabciya ta shimfiɗa wa kaji, bai yi mata bayani ba. Ya farke sabon buhu a cikin kicin, ya tankaɗe garinsa da rariya. Ya kankare kaskon da tsohuwar kurfi har ƙarfen ya fito fes.

Murhun ya kama, ya ci na 'yan mintoci, ya mutu.

Ya koma Invercargill da burodi. Wannan karon Wattie ya sa shi ya saurari labarin wata tsohuwa a ɗakin gaba da ke satar masa jarida, da na kifin da ya kama tun kafin a haifi Delwyn, wanda kullum girma yake ƙarawa, sannan ya ba shi abu ɗaya: ya rufe ƙofar murhun a kan tsinken takarda ya ja, in ta zare salin-alin to igiyar bakin ƙofar ta mutu, iska na shiga ta inda bai kamata ba. Da ya koma gida ya gwada, takardar kuwa ta zare. Ya sayo sabuwar igiya ya manna, ya jira ta bushe. Murhun ya kama, wutar ta miƙe fara tas, kyakkyawa. Ta cinye abin da ke kasko, ƙarfen ya ƙi sako wani, ta mutu. Yuni ya riga ya kama. Delwyn ta ce Lahadi za ta zo. Bevan ya ƙudura zai koma wurin Wattie ranar Asabar, ko da zai saurari kifin nan sau uku.

Ranar Juma'a da hantsi, ciyawa fara fat da raɓar da ta daskare, yana durƙushe a bayan murhun murfi a kwance, ya ji an buɗe ƙofa. Ba a yi sallama ba. Ya leƙo. Delwyn ce tsaye da jaka a kafaɗa, numfashinta yana fita kamar hayaƙi a tsakiyar falonsa. Ta tagar da ke bayanta yana hango motarta, kujerar baya cike da kwalaye a ninke.

"Kin ce Lahadi."

"Na ce farkon Yuni."

Ta dubi murhun da cikinsa a waje, ta dube shi. Ya so ya ga fushi a fuskarta, don fushi ya san yadda ake yi da shi. Abin da ya gani ya fi kama da na wanda ya sauke kaya.

"Baba, tashi ka wanke hannu."

"Ki ba ni zuwa faɗuwar rana."

"Mun yi magana. Bara ma..."

"Bara kwat na sa na zauna ina jira. Dube ni da kyau. A zaune kika same ni?"

Idonta ya bi ƙusoshin da ya jera a kan faranti bisa tsarin da ya kwance su, da kaskon da ke ƙyalli, da yatsansa a naɗe, da rariya a jingine. Ta ajiye jakar a kan kujera, amma ba ta zauna ba.

"Ara mini wayarki," ya ce. "Ki sa ta yi magana da ƙarfi, ba na jin ƙananan nan."

Ya san abin da hakan ke nufi. Za ta ji shi yana roƙon mai ƙona kashin tumaki, za ta ji daga wane gida ake amsawa. Aka yi ta neman Wattie a can, ana jin takun ma'aikaciya da ƙarar talabijin, kafin muryarsa ta cika falon.

"Wa ke damuna ana tsakiyar wasan kati?"

"Ni ne. Yana kamawa, ya cinye na kasko, ya ƙi sako wani."

"Ahaf. Ka zo gobe da burodi mu tattauna. Kuma ka zo da wuri, don..."

"Wattie. Delwyn tana nan. Da kwalaye."

Delwyn ta duba wayar ta ga ko layin ya yanke. Da Wattie ya dawo, babu wasa a muryarsa.

"Ta baya, ƙasa, hannun hagu. Akwai wani siririn tiyo na roba kamar na ƙarin ruwa. Zare shi ka hura. Ƙofar da yake shiga a jikin ƙarfe, soka mata siririyar waya. In toka ta toshe wurin, murhun zato yake ƙofarsa a buɗe take, sai ya ƙi ba da abinci don kada ya ƙone ka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba ni da sauran komai."

Bevan ya matso kusa da wayar. "Talata zan zo in gaya maka ƙarya ka yi."

"In za ka zo kada ka sayo na gidan mai, babu cuku a ciki. Delwyn, 'yata, kina ji? Ubanki jaki ne, amma jakin da ke tafiya."

Tiyon yana can ƙurya, inda sai an miƙa hannu har kafaɗa. Dama ba ta miƙuwa, hagu ba ta lanƙwasuwa ta wannan gefen. Delwyn ta fara naɗe hannun riga.

"Kawo, hannuna ya fi siranta."

"A'a. In ke kika yi, ran da ba kya nan fa? Riƙe mini tocila."

Ya kwanta a ƙasa a kan kafaɗar mai lafiya, kumatu a kan sanyin daɓe, ya zura doguwar filaya. Sau biyu tana kuɓucewa. A na uku tiyon ya zaro. Ya kai baki ya hura, ya ƙi, ya cika ƙirjin nan da likita ya ce a lallaɓa, ya sake hurawa. Toka ta yi tsalle ta ɗaya bakin ta bule wa Delwyn gaban riga. Ta ce, "Kai, Baba!" amma tocilar ba ta motsa ba. Ya soka waya, ya mayar da tiyon, ya ɗaura murfi ƙusa bayan ƙusa. Tashi daga ƙasan ma sai da ya yi dabara, ya dafa kujera, ita kuwa ta harɗe hannuwa ta bar shi, ko da yake ya ga yatsunta suna motsi.

Ya danna. Fanka ta tashi. Ƙwayoyi suka fara faɗowa kasko, ƙwas, ƙwas. Hayaƙi ya murɗa a bayan gilashi, ya yi kauri, sai wuta ta ce ɓul. Bevan bai yi murna ba, ya sha ganin wannan. Ya tsaya ya karkata kai yana saurare, wutar tana cin na kasko, tana raguwa, tana raguwa, ta kai daidai inda takan mutu. Ƙwas. Ƙwas, ƙwas. Harshen ya sake miƙewa. Can fanka ta biyu ta kama, iska mai ɗumi ta fara taɓa musu ƙafafu.

Ya ɗora shayi. Suka zauna a falo, ita da kwat ɗinta a rufe har wuya. Sai da ta kusa shanye kofin ta ɓalle maɓalli ɗaya, can ta ɓalle na biyu.

"Ka san abin da na yi ta roƙo a hanya?" ta ce, tana kallon wutar. "In same shi da sanyi. In ɗauke ka a wuce wurin, in daina jin gabana na faɗuwa duk sanda waya ta yi ƙara uku ba ka ɗauka ba."

"Na sani. Na gani a fuskarki."

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji. Amma ke kika buɗe ƙofar nan bara, ba ni ba."

Ta goge hanci da bayan hannu. "Buhun nan ya fi ƙarfin kafaɗarka. Nuna mini yadda kake cika shi."

Ya nuna mata. Yakan ja buhun a ƙasa da hagu zuwa gindin murhu, ya farke, ya riƙa ɗiba da jug ɗin madara yana juyewa a rumbu, ɗiba bayan ɗiba, har ya cika. Abin ya ɗauki lokaci, ba kuma kyan gani gare shi ba. Ta kalla har ƙarshe ba ta sa hannu ba. Da ya rufe murfin ta miƙe ta fita. Ya ji ta buɗe mota. Ta tagar ya ga ta rungumo kwalayen, ya tsaya da jug a hannu.

Ta wuce shi ta shiga tsohon ɗakinta, ta shimfiɗa su a ƙasa ɗaya kan ɗaya.

"Nan ya fi ko'ina bushewa a gidan nan. Buhunan da suka rage ba za su ƙara kwana a rumfa ba. Kuma bana kawai na ce, Baba, kada ka sa a ranka wani abu. Waya kuma kafin ta yi ƙara uku."

"Huɗu. Falon da tsawo."

"Uku."

Ta cire kwat ɗin ta jefa a kan gado, ta fita bayan gida. Ta dawo da buhu a kafaɗa tana nishi, ta dire, ta koma, ta bar ƙofar baya a wangale. Bevan ya bi bayanta da sauri yana ɗaga jug.

"Ke, Delwyn! A daji aka haife ki? Ja mini ƙofar nan, kina fitar mini da ɗumi!"